Gejin matsin fetur yana sauka idan inji ya ɗau zafi: famfo ne ya gaji ko gejin ne ke ƙarya?

Tambaya: Ina da Fijo 504 ta mahaifinmu, haɗin Kaduna, mai kafireta. Da aka yi mata babban gyara an cire kafiretarta ta asali an sa Weber, an sa famfon mai na lantarki da regileta mai daidaita matsin mai, aka kuma ɗaura wani ɗan gejin auna matsin mai, mai ruwa a cikinsa, kusa da kafiretar. Da safe in na tayar da ita, gejin yana nuna psi 3 (psi ma'aunin matsi ne). In na yi tafiyar rabin awa na tsaya na buɗe bonet, sai in tarar ya sauko 1, wani lokaci ma ya kwanta a sifili, alhali motar tana tafiya lafiya lau. An canza famfo, ba ta sauya zani ba. Yanzu bakanike ya ce a ƙara wa regileta ƙarfi. In bari a ƙara?

Amsa: Kada ka bari a taɓa regiletar nan tukuna, ɗan'uwa. Da abin da ka bayyana, na fi zargin gejin fiye da famfon, kuma akwai gwajin da zai raba gardama wanda ba zai ci maka minti biyu ba.

Fara da motar kanta, don ta fi geji iya ba da shaida. Kafireta ba ta shan mai kai tsaye daga tiyo. Tana da ɗan kofi da mai ke taruwa a ciki, da fulot da ke tashi ya tura allura ta toshe ƙofa idan kofin ya cika. Inji daga kofin yake zuƙa. Aikin famfo shi ne kawai ya riƙa mayar da abin da aka sha. In da gaske mai ya daina zuwa, abin da ke cikin kofin ba zai kai ka ko'ina ba: motar za ta fara shaƙewa, ta yi tari, ta mutu a hannunka. Taka kuwa ka ce tana tafiya lafiya lau. Sannan lura da lokacin da kake duba gejin. Ka tsaya, inji yana silo, wato lokacin da ya fi kowane lokaci ƙarancin shan mai. A nan ne allurar kafireta take kusan rufe, a nan ne kuma matsi ya kamata ya fi tsayawa da ƙafarsa. Famfon da ya iya ciyar da inji a kan titi da gudu, ba zai kasa ciyar da shi a tsaye ba.

Ka taɓa ganin motar da famfonta ya mutu a hanya, aka ɗora galan a kan rufinta, aka saƙalo tiyo ta taga ko ta gefen bonet zuwa kafireta, ta lallaɓa har gareji? Tsayin mita ɗaya na fetur wajen psi ɗaya kawai na matsi yake bayarwa. Da wannan ɗan abin motar ke tafiya. Wannan zai nuna maka irin ƙanƙantar lambobin da muke magana a kansu. Motar zamani mai injekta tana aiki da wajen psi 40 zuwa sama, kuskuren psi biyu ba ya ɗaga mata hankali. A wurin Weber ɗinka, wadda ke son tsakanin 2.5 da 3.5, kuskuren psi biyu shi ne kusan dukan lissafin.

Yanzu ga abin da ke faruwa a cikin gejin. Bayan fuskarsa akwai wani siririn bututun tagulla, a lanƙwashe kamar harafin C, bakinsa ɗaya a toshe. Wani Bafaranshe mai suna Eugène Bourdon ne ya yi masa rajista a 1849, har yau kuma tsarin bai canza ba. In fetur ya shiga bututun da matsi sai ya nemi miƙewa, kamar yadda tiyon ban-ruwa da ke lanƙwashe a ƙasa yake zabura in an buɗe famfo. Wannan ɗan motsin ne wasu ƙananan haƙora ke kai wa tsinken da kake gani. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, bututun ba matsin fetur kaɗai yake ji ba. Bambanci yake aunawa tsakanin abin da ke tura shi daga ciki da abin da ke danne shi daga waje. A geji busasshe, wanda babu ruwa a cikinsa, gidan a buɗe yake ga iskar duniya, saboda haka lissafi yana fita daidai. Naka kuwa an cika shi da gilisarin, wani ruwa mai kauri, don ya hana tsinke rawa, kuma don kada ruwan ya zube sai aka rufe gidan ruf, aka toshe samansa da ɗan murfin roba, aka bar ɗan kumfan iska a sama.

Da inji ya ɗau zafi, iskar nan da ke kulle ta nemi faɗaɗa ba ta da wurin zuwa. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, inda inuwa ma take wuce digiri 40, ba abin mamaki ba ne geji da ke manne kusa da inji ya kai digiri 70 ko 80. Iskar da aka kulle a digiri 30, in ta kai 80, matsinta yana ƙaruwa da sama da psi 2. Wannan lissafin iskar kaɗai ke nan. Shi ma gilisarin yana kumbura da zafi, yana ƙara matse kumfan. Duk wannan matsin a bayan bututun yake sauka, yana hana shi miƙewa. Fetur yana turawa da 3 daga ciki, gidan geji yana dannewa da 2 ko 3 daga waje, tsinke ya nuna 1 ko sifili. Man bai ragu da ɗigo ɗaya ba.

Ga gwajin. Ka yi tafiyarka har gejin ya sauka yadda ya saba. Ka tsaya a fili, ka bar inji yana silo, ka sa tsumma a hannu don wurin da zafi. Ka tabbata murfin robar yana fuskantar sama, sannan ka ɗan ɗaga gefensa da farce ko bakin ƙaramin sukuddireba, ba cire shi za ka yi ba. Wani lokaci za ka ji ɗan huci, gilisarin kaɗan ya tsattsafo. Idonka a kan tsinke. In ya zabura ya koma 3 nan take, magana ta ƙare. Wasu gejojin suna da ɗan maɓalli ko ɗan hannu a kan murfin don wannan aikin, wasu kuma an yi wa robar ɗan tsini da ake yankewa bayan an ɗaura. In ba ka son taɓa murfin, jiƙa tsumma da ruwan sanyi ka naɗe gejin da shi na 'yan mintuna. Za ka ga tsinke yana hawa a hankali yayin da gidan ke hucewa, alhali babu abin da ya canza a famfo.

Dalilin da ya sa na ce kada a taɓa regileta ke nan. A ce bakanike ya murɗa ta da zafin inji har geji mai ƙarya ya nuna 3. Gaskiyar matsin a lokacin ta kai 5 ko 6. Fulot ɗin Weber ba shi da ƙarfin riƙe allura a gaban wannan. Mai zai ɓalle ya cika kofi ya wuce iyaka, ya riƙa zuba a maƙogwaron kafireta. Sai baƙin hayaƙi, fulogi su yi baƙi ƙirin, silo ya lalace, mota ta ƙi tashi in ta yi zafi, shan mai ya ninka. Mafi muni, fetur ya tsiyayo waje ya sauka kan ƙarfe mai zafi. Tsofaffin motoci da yawa ta wannan hanyar suke kamawa da wuta. An bar jaki ana dukan taiki tun daga canza famfo, kada a ƙara da wannan.

Wani abu da ke da alaƙa da wannan, ko da yake bai kai zafi tasiri ba: tudu. Gejin da aka rufe a bakin teku yana riƙe da matsin iskar can, wajen psi 14.7. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, iskar waje ba ta kai psi 13 ba. In ba a taɓa buɗe murfin ba tun daga kamfani, gejin zai iya rage maka har kusan psi 2 tun inji yana sanyi. A Kano bambancin bai kai psi ɗaya ba, amma ga mai neman 3, ba abin rainawa ba ne. Shi ya sa duk sabon geji mai ruwa, a fara sassauta murfinsa ya shaƙi iskar garin da zai yi aiki kafin a yarda da shi.

To in gwajin ya tabbatar, me za a yi? Kana iya huda murfin ka bar shi a buɗe, matuƙar gejin a tsaye yake, in ba haka ba gilisarin zai tsiyaye ya ɓata maka wuri. Kana iya sauya shi da busasshe, sai dai shi kuma girgizar inji tana cinye haƙoransa da wuri. Ni a ra'ayina, geji ba abin zama a jikin kafireta ba ne. Kayan awo ne. A ɗaura shi, a saita regileta, a cire, a toshe ramin da noti. Ƙaramin ƙarfe mai nauyi da ke lilo a kan mahaɗar tagulla shekara da shekaru, wata rana tsagewa zai yi, kuma fetur ne a bayansa. Na san yana ƙara wa inji kyau in an buɗe bonet, amma kyan bai kai haɗarin ba.

Idan ka ɗaga murfin tsinke bai motsa ba, har yanzu ba mu wanke gejin ba. Cire shi daga mota ka riƙe a hannu, murfi a sassauce. Dole tsinke ya zauna a sifili cif. In ya tsaya a rabi ko 1, bututun ya riga ya miƙe fiye da ƙima bai koma ba. Wannan yakan faru in an taɓa gwada shi da famfon motar injekta, ko an hura masa iskar mai faci. Irinsa ba ya gyaruwa. Akwai kuma yaudarar ɗan ƙusan da tsinke ke jingina da shi a sifili: geji na iya zama ƙasa da sifili a gaskiya, ƙusan ne ya tare shi, sai ka ga kamar lafiya. Ƙwanƙwasa gilashin da yatsa lokacin da yake aiki. In tsinke ya yi tsalle ya sauka wani wuri daban ya zauna, haƙoran suna cijewa.

Dubi lambar ƙarshe da ke fuskarsa. Abin da na fi gani a kasuwa shi ne geji mai kaiwa 100 ko 160, na motocin injekta ko na kwamfaresa, an ɗaura wa kafireta. Ana lissafa kuskuren geji ne a kan dukan faɗin fuskarsa, ba a kan abin da yake nunawa ba. Na kasuwa yakan zo da kuskuren kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, kuma ya fi yawa a farkon fuska da ƙarshenta. Kashi 3 na 100 psi 3 ne. Wato geji sabo fil, wanda bai saɓa wa alƙawarin kamfaninsa ba, yana iya nuna maka sifili ko 6 alhali gaskiyar 3 ce. Wanda fuskarsa ta tsaya a 15 kuskurensa bai kai rabin psi ba. Ga kafiretocin Weber, Solex da SU, mai tsayawa a 10 ko ƙasa ya fi, don abin da kake nema ya faɗo kusa da tsakiyar fuska. A gejojin Turai za ka ga ƙaramar lamba kamar 1.6 ko 2.5 a ƙasan fuskar. Ita ce kason kuskuren. Ka kuma tabbata wane layi kake karantawa, don da yawa suna da layi biyu, na psi da na wani ma'auni da ake kira bar. Bar ɗaya psi 14.5 ne, saboda haka psi 3 wajen bar 0.2 ne kawai.

Hanyar da na fi so ta tantance geji ba ta buƙatar wani geji. Nemi farin tiyon da magina ke ɗaukar lebur da shi, kamar mita shida. Haɗa baki ɗaya da gejin ka ɗaure da kyau don kada iska ta fita. Bari tsakiyar tiyon ya sauka ƙasa ya yi lanƙwasa, ka ɗaga ɗaya bakin sama a jikin bango ko bishiya, ka riƙa zuba ruwa a hankali. Iskar da ta maƙale a ɓangaren geji za ta hana ruwan isa gare shi, ita ce kuma za ta kai masa matsin. Yanzu kana da saman ruwa biyu, ɗaya a ƙasa ta wajen geji, ɗaya a sama ta wajen buɗaɗɗen baki. Auna tazarar tsayi tsakaninsu da tef, a miƙe daga sama zuwa ƙasa, ba bin tiyo ba. Kowane santimita 70 psi ɗaya ne. In tazarar ta kai santimita 140 geji ya nuna 2, in ta kai 210 ya nuna 3. Nauyin ruwa ba ya gajiya, ba ya kuma jin zafin inji. In kana da abin awon hawan jini na hannu, mai agogo da robar matsawa, shi ma yana yi: haɗa shi da gejin ta mahaɗa mai baki uku ka matsa iska. Lamba 155 a agogon jini ita ce psi 3, lamba 259 kuma psi 5. Iska kawai, kada fetur ya kusanci robarsa. Shi ma tiyon magina na ruwa ne, kada a mayar da shi tiyon mai.

Geji lafiyayye ma yakan ba da labarin banza in an ɗaura shi a wurin da bai dace ba. Abin da kake son sani shi ne matsin da ke isa bakin kafireta, don haka wurinsa bayan filta ne, bayan regileta, dab da kafireta. In yana tsakanin famfo da regileta, ƙarfin famfo yake faɗa maka, kuma duk murɗin da za a yi ba zai motsa shi yadda ake zato ba. Wasu regiletocin suna da ramuka da yawa masu kama da juna, ana rikita na shiga da na fita. Su kuma ƙananan nan masu sheƙi, masu kan murɗawa da lambobi 1 zuwa 5, kada ka ɗauki lambar da ke jikinsu a matsayin psi. Alama ce kawai, sai geji ya tabbatar. Ƙofar da mai ke shiga geji ƙarama ce ƙwarai, ɗan ɓarɓashin farin tef ɗin masu aikin famfo ko tsatsar tanki ya isa ya toshe ta. Alamarsa tsinke mai nauyin jiki: ya hau a hankali, ya ƙi sauka in an kashe mota. In za a sa tef, a bar zagaye biyu na farkon tiredi babu komai. Tiredin ma iri biyu ne masu kama: na Amurka mai zagaye 27 a inci, na Ingila mai 28. Suna shiga juna zagaye biyu ko uku su cije, mutum ya ɗauka ya ɗaure, daga baya ya riƙa tsattsafo da mai.

Rawar tsinke kuwa ba kullum ce cuta ba. Ga mai famfon asali na jikin inji, kamshaf ne ke buga shi sau ɗaya a kowane juyi biyu na inji. A silo na 800, bugu 400 ke nan a minti, busasshen geji kuma yana jin kowanne. Famfon lantarki mai ƙas-ƙas ɗin nan shi ma bugu-bugu yake turawa. In rawar gajera ce kuma a wuri ɗaya, karanta tsakiyarta. Wadda ke ba ni tsoro ita ce mai faɗi marar tsari, tsinke ya faɗi ya tashi ya sake faɗi. Wannan iska ce ko tururi a cikin layin.

Ga masu geji na lantarki a dashbod, yawancin matsalar ba ta wuce waya. Sensa, wato ɗan abin da ke jin matsi ya aika wa geji, in mai waya ɗaya ce ta jikinta wuta take komawa ƙarfen mota; in an ɗaura ta a mahaɗar da ke tsakanin tiyon roba biyu, ko an naɗe tiredinta da tef, hanyar ta yanke. In tsinke yana motsi lokacin da ka kunna fitila ko fanka, ba mai ba ne, wayar jikin mota ce ta yi sako-sako. Dole kuma sensa da geji su zama 'yan gida ɗaya. Sensar psi 100 a kan geji na 15 ba za ta taɓa faɗin gaskiya ba. Mai waya uku yawanci volt 5 take karɓa, ta mayar da 0.5 in babu matsi, 4.5 in ta kai ƙarshe. A ta psi 15, matsin 3 zai ba ka volt 1.3 a mita. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: kada a ja tiyon fetur zuwa cikin mota don a ga geji a gaban direba.

Saura ɗaya ɓangaren, don yana yiwuwa gejin ya ci duk jarrabawar nan, ya zama gaskiya yake faɗa. Matsin mai yana iya sauka da zafi da gaske. Fetur haɗin abubuwa ne da yawa, masu sauƙin cikinsu suna fara tafasa tun wajen digiri 40. In tiyo ya bi kusa da salansa ko manifol, mai yana zama tururi a ciki, famfo kuma ruwa ya iya turawa, ba tururi ba. Famfon lantarki ya fi iya turi a kan zuƙa. Wurinsa kusa da tanki ne, a ƙasa, inda mai ke gangaro masa da kansa. Sau da yawa don sauƙin aiki sai a ɗaure shi a ɗakin inji, sama da tanki, cikin zafi, yana jan mai daga nesa. Zuƙar tana rage matsin da ke cikin tiyo, mai kuma ya fi saurin tafasa in matsi ya ragu. In haka naka yake, ko famfo goma aka canza labarin ɗaya ne. Duba wutar da ke isa gare shi ma, a bakin famfon, inji da zafi. Siririyar waya da aka jona a bayan makulli takan zubar da volt ɗaya ko biyu a hanya.

Buɗe murfin tanki lokacin da geji ya sauka. In ka ji ya zuƙi iska, tsinke kuma ya tashi, hanyar numfashin tankin ce ta toshe. Yakan faru in an sauya murfi da wanda ba nata ba. Tankin motar da ta kai wannan shekaru da wuya a rasa tsatsa a cikinsa. Tana taruwa a bakin bututun zuƙa yayin tafiya, ta saki in an kashe mota, shi ya sa da safe komai lafiya. Tsohon tiyo tsakanin tanki da famfo yana iya tsagewa ya riƙa shan iska ba tare da ya ɗigar da mai ba. Sa filta mai gilashi ko ɗan guntun tiyon mai da ake ganin cikinsa na ɗan lokaci, ka ga ko kumfa na wucewa.

Matsi kuma ba shi ne yawa ba. Filta da ta kusa toshewa za ta iya nuna maka 3 a silo, don mai kaɗan ake buƙata, amma da ka taka totur a hawa sai ta kasa. Injin lita biyu irin na 504, in an buɗe masa wuta gaba ɗaya, yana shan abin da ya kusa rabin lita a minti. To famfo ya kamata ya fi haka da rata. Cire tiyo daga bakin kafireta, inji a kashe kuma da sanyi, ka sa shi a kwalba mai awo, wani ya kunna makulli. In rabin lita ta cika cikin daƙiƙa 30 zuwa 45, hanyar mai a buɗe take. In ta haura minti, akwai abin da ya tare. A yi wannan a fili, babu sigari, abin kashe gobara a kusa. Wanda ke son ganin gaskiyar lamari a kan titi sai ya ja doguwar tiyon mai mai kyau, ya manna gejin da aka tantance a wajen gilashin gaba, ya sa wani ya riƙa karantawa yayin da yake hawa tudu a giya ta uku. A tuna gejin ya ɗaga sama da kafireta, kowane rabin mita yana rage rabin psi. Saukar rabin psi ko ɗaya da cikakken totur ba komai ba ne. Wanda ke ci gaba da zamewa har mota ta fara shaƙewa shi ne ƙarancin mai na gaske.

Kada kuma ka firgita in ka kashe mota da zafi ka ga tsinke ya haura sama da inda yake. Man da ya maƙale tsakanin famfo da allurar kafireta ne zafi ke kumbura shi. In yana yawa har kana jin warin fetur, mota kuma tana wahalar tashi bayan tsayuwar minti goma, maganinsa a nisanta tiyo da zafi, a sa abin tare zafi a ƙarƙashin kafireta, ko a yi layin da ke mayar da rarar mai tanki.

In lokacin saiti ya yi, ga inda za a nufa. Weber tsakanin 2.5 da 3.5, ni 3 nake tsayawa. SU ta motocin Ingila ba ta son wuce 3. Solex ta Volkswagen da ta Fijo ita ma a wannan unguwar take, sai dai a duba littafin motar don ainihin lambar. Manyan kafiretocin Amurka ne ke son fiye da haka: Edelbrock wajen 5.5, kada ta wuce 6, Holley tsakanin 5 da 7. Kada a ɗauko lambar Holley a ɗora wa Weber don an gani a bidiyo. A saita inji yana aiki a silo, murfin geji a sassauce, a murɗa kaɗan a jira tsinke ya zauna kafin a ƙara. In ragewa ake yi, a ɗan taka totur tsakanin murɗi da murɗi don man da ya riga ya matsu a layin ya samu ya wuce, in ba haka ba tsinke ba zai sauka nan take ba, a yi ta ragewa har a wuce gona da iri.

In kuwa kafin amsar nan ta iso maka an riga an ƙara wa regiletar, mayar da ita baya kafin ka sake hawa titi. Cire murfin iska ka leƙa maƙogwaron kafireta, makulli a kunne inji a kashe. Bai kamata ka ga ɗigon mai ko ɗaya yana sauka ba. Zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. In yana warin fetur, ko ya tsinke, ko ya haura alamar cika, fetur ya gangara ta jikin fistin ya gauraya da shi, sai a juye shi a sa sabo tare da filtarsa. Ka kuma tambaya me aka yi da famfon asali na jikin inji lokacin da aka sa na lantarki. In an bar shi a layi mai yana ratsa shi, ranar da robar cikinsa ta tsage famfon lantarki zai riƙa ɗura fetur kai tsaye cikin baƙin mai. A cire shi a rufe gurbinsa da faranti da gasket, ko aƙalla a zagaye shi da tiyo.